Faslin Gwaggo

Na Allah muke, kuma wurinSa kowa zai koma. Gwaggo ta riga mu tafiya a ƙarshen daminar da ta wuce, da hantsi, tana jingine da filo a kan dardumarta, carbi a hannu. Yayar mahaifina ce. Ita ta ɗauke ni riƙo tun daga yaye, kuma da yake sunan mahaifiyarta aka sa mini, ba ta taɓa kirana da komai ba sai Uwata.

Kafin maza su dawo daga maƙabarta gidanmu na Nassarawa ya cika. Mata sun zo daga Gama, daga Badawa, daga cikin gari, wasu ma ban taɓa ganin fuskarsu ba. Ina zaune a bakin gadonta ina amsa gaisuwa, kunnena yana kan hirarsu. Kusan duk wadda ta buɗe baki, sai zancen ganye ya fito.

"Allah Ya jiƙan Hajiya. Yanzu in ciki ya kumbura ina za mu dosa?"

"Ni ita ta koya mini yanka shi a kan farfesu. Har yau maigidan bai san sunansa ba, cewa yake a sa masa ganyen Hajiya."

Wata dattijuwa mai farin gilashi ta gyara mayafi ta ce, "Ni kam hana ni ta yi. Na zo da ƙaramin ciki, fitsari yana yi mini wuya, na ce ta dafa mini. Ta ce ko kurɓa ɗaya ba zan yi a gidanta ba, in tashi in tafi awo. Na fita ina fushi. To ga cikin can a waje, shi ya tuƙo ni."

Aka yi dariya ƙasa-ƙasa, irin ta gidan rasuwa, wadda ake gamawa da share ido da bakin gyale.

Ganyen da suke nufi shi ne fasli. Wanda bai san shi ba zai ɗauka ganyen karas ne, sai ya murza ya kai hanci. Gwaggo tana shuka shi a wani ɗan fangali jikin katanga, kusa da famfo, faɗinsa bai fi tabarma biyu ba, an kewaye shi da bulo. Nan ne kaɗai ƙasa ta rage a tsakar gidanmu, sauran duk an shimfiɗe shi da bulon intalok. A ranar babu ko tsinke a cikinsa. Zafin bazara ya ƙone na bara, doguwar jinya kuma ta kwantar da mai shi.

Da aka kira azahar, masu zaman makoki suka nemi inda za su yi alwala ba tare da ruwa ya malalo ƙarƙashin tabarmi ba. Sai suka jeru a kan bulon nan da butoci, suna kwarara ruwa cikin fangalin. Na hango su ta taga, zuciyata ta yi zafi. Wurin da Gwaggo ba ta bari ko kaza ta taka, tun ba a kwana ba ya zama magudana. Na miƙe zan aika a hana su, sai na ji an riƙe mini hannu. Mama Nas ce, maƙociyarmu, aminiyar Gwaggo, Kirista 'yar Zariya wadda ta yi ritaya daga aikin asibiti. Idonta ya yi ja don kuka, amma ga murmushi a bakinta.

"Bar su, 'yata. Zauna."

Ba ta tsaya nan ba, har cewa ta yi a ƙara kai musu bokitai can. Na zauna, amma na riƙe ta a raina.

Bayan la'asar na buɗe kabad ɗin Gwaggo na ɗauko tsohon gwangwanin shayin da take ajiye irin. An riga an sa ranar aurena, kuma ta sha faɗa mini, "Uwata, kowa ya ba ki kwanuka da zannuwa. Ni wannan zan sa miki a ƙasan akwati." Na girgiza shi, shiru. Na buɗe, babu ko ƙwaya. Fangali fayau, gwangwani fayau. Na san ana sayar da wani iri a fakiti a manyan kantuna, amma ba shi nake so ba. Wanda ya zauna a gidan nan tun tana amarya, ana shuka shi ana girbe irinsa shekara bayan shekara, shi nake so in tafi da shi gidana. Ban faɗa wa kowa ba. Wa zai ji an rasa mutum sukutum, ke kina kukan iri?

Sai wanda ya san yadda ganyen ya shigo gidan zai gane kukan nawa.

Gwaggo ta zo gidan nan amarya, lokacin mijinta, wanda duk muke kira Alhaji, yana ƙaramin ma'aikacin gwamnati. Ta ce mutum ne mai tsafta, mai taushin murya, ba abin da za ta kushe. Sai abu ɗaya. Yana da tarin ƙirji, wani ya ce masa ya dinga tauna ɗanyar tafarnuwa safe da yamma, shi kuwa ya riƙe abin kamar farilla.

"Ta yaya za ki dubi mutum yana miki fara'a ki ce masa bakinsa?" in ji ta. "Sai na koma turaren wuta. In zuba, in ƙara, har idona ya dinga ruwa."

Wata rana maƙociyarsu ta wancan lokacin, matar wani Kwara, Balarabe mai kantin yadi, ta leƙo ta kan shinge ta ga hayaƙi yana fita ta taga. Ta tambaya da gurguwar Hausarta ko gobara ce. Gwaggo ta yi dariya har ta zauna, daga nan ta faɗa mata gaskiya. Matar ta koma lambunta ta tsinko wani ganye, ta ce a ƙasarsu baƙadunis suke ce masa, a ajiye wa mutum a gefen faranti, ba sai an yi magana ba.

Da yamma Gwaggo ta jera abinci, ta ɗora reshe biyu a gefe. Alhaji ya gama ci, ya tauna tafarnuwarsa, ya dubi ganyen, ya dube ta. Ya ɗauka ya tauna. Bai tambaya ba, ba ta yi bayani ba. Haka suka yi har gashinsu ya yi fari. A jinyarsa ta ƙarshe, lokacin ya daina cin komai sai kunu, ta kawo masa kofi a kan faranti ba ganye, don ta ga ba tafarnuwar da zai tauna. Ya bi farantin da ido, ya ce da ita a hankali, "Hajiya, yau ba kya son in matso ne?"

Ta ce nan ta gane tun ranar farko ya san komai.

Ni da na tashi da littattafan soyayya na haya a ƙarƙashin filo, na karanta samari masu cika shafi uku suna kwatanta idon budurwa da farin wata. Ban taɓa cin karo da maganar da ta kai wannan ba. Gwaggo ba ta hana ni karatun, har takan ce in karanta mata tana tsinke ganye a tire. In saurayin ya yi nisa da zuba kalamai sai ta ɗago ta ce, "Duk wannan surutun, ya tambaye ta ko ta ci abinci kuwa?" Abin da ba ta so shi ne halina na fara buɗe shafin ƙarshe in ga ko an yi auren. Takan girgiza kai.

"Uwata, mai leƙen ƙarshe ba ya shuka fasli."

Gaskiya ta faɗa, don irin nan ba ya sauri. Za ki shuka alayyafo ya fito, ki fara tsinka, shi yana nan kwance kamar ba a zuba komai ba. Matar Kwara ta ba Gwaggo irin haɗe da zantukan mutanensu guda uku. Na farko, wai sai ƙwayar ta je wurin Shaiɗan sau bakwai ta dawo kafin ta tsiro, shi ya sa take jinkiri. Na biyu, wai ba ya yin kyau sai a gidan da maganar mace take da ƙarfi. Na uku, ba a tumɓuke shi a dasa a wani wuri, kuma ba a bayar da shi da saiwarsa, in an yi haka alherin gidan ya bi shi, wasu ma sun ce rai yakan bi.

Na farkon Gwaggo ta watsar tun a ranar. "Irin da na yi wa Bisimilla me zai kai shi wurin la'ananne? Yana ƙasa ne yana nazarin mutanen gidan." Na biyun murmushi kawai take yi masa. Alhaji ne ma in ya wuce ya ga fangalin ya yi kore shar, yakan ce da baƙinsa, "Ga shaida nan, kowa ya gani, ni ɗan haya ne." Na ukun kuwa ta riƙe shi gam, kuma a kansa ta yi manyan rigingimunta guda biyu.

Ta farko da Mama Nas ce. Ta zo wata rana da ɗan bokiti ta ce a cire mata gindi biyu ta dasa a bayan ɗakinta.

"Sista, ganye ko buhu kike so ki tsinka. Iri kuma ga shi. Saiwa dai a'a."

"Haba Hajiya. Ni da na yi shekaru ina karɓar haihuwa za ki ce wa saiwa tana kwashe arziki?"

"Ki karɓi iri."

"Ba ni da haƙurin wannan irin naki."

"To ashe ba ki da fasli."

Mama Nas ta ɗauki bokitinta ta fita. Shekarar nan tuwon salla bai je gidanta ba, shinkafar Kirsimeti ba ta zo namu ba. Mu yara muka fi kowa shan wahalar rigimar.

Abin da ya shirya su wata mata ce mai wankau, da ta zo da ƙafafu a kumbure. Gwaggo ta yi mata yadda ta saba: ta tafasa ruwa ta sauke, ta jefa ganye cikin tafin hannu, ta rufe ya jiƙa, ta tace. Takan ba da shi ga mai kumburin ciki da wanda fitsari yake yi wa nauyi, ta kuma dandaƙa ɗanyen ta shafa wa yaro a cizon ƙwaro. Matar ta sha kwana biyu, kumburin sai ƙaruwa yake, har numfashi ya fara yi mata wuya. Gwaggo ta yafa mayafi, ta kama hannunta, ta taka da ƙafarta har ƙofar da ta yi shekara ba ta shiga ba.

"Sista, fito. Wannan ya fi ƙarfin ganye."

Mama Nas ta auna ta, ta sa ta a mota zuwa asibiti a take. Ashe zuciya ce. Matar tana nan da ranta, tana cikin waɗanda suka dafa abincin sadakar uku. Tun daga ranar suka raba aiki. Duk wanda ya zo da kumburin ƙafa, ko yana shan maganin asibiti, ko an ce masa ƙodarsa ta taɓu, sai ya bi ta wurin Sista kafin a ɗora masa ruwa. Mai ciki kuwa ko ta yi kukan jini ba ta samu, don Gwaggo ta ce dafaffen ganyen yana tsinko jini. Amma har suka tsufa tare, Mama Nas ba ta sami saiwar nan ba. Duk sanda take so sai ta zo ta tsinka, tana mita.

Rigima ta biyu da Yaya ce, ɗanta na fari kuma shi kaɗai, wanda ba ta taɓa faɗin sunansa ba. Bayan rasuwar Alhaji ya kawo masu shimfiɗa intalok, ya ce za a kwashe ganyen a zuba a tukwanen fulawa a kai bayan gida.

"Hajiya, wannan fa camfi ne. Ganye ba ya kashe kowa, ajali ne."

Ba ta dube shi ba, ni ta duba. "Uwata, gaya wa mutumin nan na riga shi sanin rai na Allah ne. Ki ce masa saiwar guda ce, doguwa, in an tumɓuke ba ta sake kamawa da daɗi. Ki kuma ce masa a nan ubansa ya san shi."

Da ma'aikatan suka iso kusa, ta ɗauko kujerarta 'yar tsugune ta dasa a bakin fangalin, ta zauna tana jan carbi. Rana ta take, ba ta motsa ba. Haka suka shimfiɗa bulonsu suka kewaye ta, suna "sannu Hajiya, a ɗan ɗaga ƙafa." Yaya ya haƙura, amma duk sanda zai juya mota sai ya yi tsaki.

Don haka ban yi mamaki ba da ya ce, bayan an share makoki, da zarar an yi sadakar arba'in za a rufe wurin.

Na ce, "Yaya, a bar shi mana."

Ya dube ni da tausayi, ba da faɗa ba. "A bar me, ƙanwata? Ƙasa ce fa kawai. Da akwai wani abu a ciki wallahi da ban taɓa ba."

Na juya na koma ɗaki. Kullum ina ganin Yaya ta taga. Butocin makoki an bar su a nan jikin famfo, shi kuma ya saba, duk salla sai ya tsuguna a kan bulon ya yi alwala kafin ya wuce masallaci. Ni kuwa na daina bi ta wajen gaba ɗaya, don ba na son ganin wurin.

Ranar da motar yashin rufe fangalin ta zo, da safe ne, sanyi ya fara shigowa. Na ɗauki gwangwanin na fita, niyyata in ɗebi ƙasar ko tafi ɗaya ce in tafi da ita gidan miji. Na tsuguna na kai hannu, sai na tsaya. Fangalin ya yi wani kore siriri, kamar an watsa zare. Na ce ciyawa ce. Sai na ga wasu sun fitar da ɗan ganye mai baki uku, bai kai farcen jariri ba. Na tsinki ɗaya na murza na kai hanci.

Ƙamshin tafin hannun Gwaggo ne.

Ina nan tsugune Mama Nas ta shigo da sauri da takalmin wanka, ƙarar motar ce ta fito da ita. Ta leƙa, ta sauke ajiyar zuciya, ta zauna a kan bulon.

"To, ya fito. Da ma na ce in bai fito ba yau, ni zan zauna a nan kamar yadda ta zauna."

Yaya ya ƙaraso, mukullin mota a hannu. Mama Nas ta dube mu ta ce, "Ana saura 'yan kwanaki ta rasu, kin tafi wajen tela, shi yana ofis, ta ce in kamo ta in fito da ita. Da ƙyar muka iso nan. Ta ce irin ya kwana biyu a gwangwani, in ya ƙara shekara mutuwa zai yi, ba za ta ba amarya mataccen iri ba. Ta yi Bisimilla ta watsa duka, ni na rufa mata ƙasa. Na ce Hajiya wa zai yi ban ruwa? Ta ce, Sista, gidan da za a yi zaman makoki ai ba a rasa ruwan alwala, kuma ba su da wani wurin zubawa."

Na ce, "Mama, me ya sa ba ki faɗa mini ba?"

"Hana ni ta yi. Ta ce in kika sani kullum sai kin tona kin ga ko an yi auren."

Dariya ta kama ni, kuka ya biyo ta, na rasa wanda zan fara.

Yaya ya matso. Ya tattare babbar rigarsa ya tsuguna, ya tsinki ganye ɗaya ya murza, ya daɗe da shi a hanci. Da ya yi magana muryarsa ta sauya.

"Haka Alhaji yake ƙamshi in ya ɗauke ni."

Mama Nas ta ce, "Makoki kwana nawa ne? Sauran duk kai ka shayar da shi, sau biyar a rana. Ni da nake leƙowa ina gani."

Ya miƙe ya kaɗe rigarsa, ya juya wajen ma'aikatan da suke tsaye da shebur. Ya ce su kai yashin bayan gida, akwai inda ya fashe. Sannan ya dube ni, ya ɗaure fuska.

"Ni fa har yanzu ban yarda da camfin nan ba."

"Na sani, Yaya."

"Amma kada wanda ya tumɓuke shi."

Yanzu fangalin ya rufe ƙasa. Matan Gama sun dawo da 'yan ledojinsu, ni nake tsinkar musu, kuma duk mai kumburin ƙafa sai ta bi ta gidan Mama Nas tukuna. Fasli ba ya yin iri sai ya tsufa ya yi fure, bikina kuwa zai riga shi. Yaya ya riga ya sayo zana, ya ce da zarar zafi ya taso zai kafa masa rumfa da hannunsa don ya kai lokacin. Ke nan da gwangwani fayau za a kai ni gidan miji a Badawa. Na sa shi a ƙasan akwati inda ta ce, kuma ban damu ba. Zan dawo in cika shi.

Wanda zan aura ba ya cin tafarnuwa, na bincika. Amma na lura in ya sayi tsire, albasar yake fara cinyewa. Ban ce masa komai ba.

Allah Ya yafe wa Gwaggo kurakuranta, Ya sanyaya makwancinta kamar yadda ta sanyaya cikin bayinSa, Ya sa kabarinta ya zama fangali daga lambunan Aljanna. Ya haɗa ta da Alhaji a inda zai matso ba sai an ajiye masa komai a gefen faranti ba. Mu kuma in tamu ta zo, Ya sa mu cika da imani.